Wayar Baba Hedimasta

Tun da kuka fara zuwa shagon nan koyon aiki, babu ranar da ɗayanku bai ce mini, "Anti Rifkatu, ai buɗe bulog aikin minti biyar ne." To, na minti biyar ne, ban musa ba. Ni ma da yatsun nan nawa da suka fara ƙagewa zan buɗe muku guda uku kafin ruwan shayi ya tafasa. Abin da ba kwa tambaya shi ne a ina za a buɗe shi, da sunan wa, kuma wa zai riƙe makulli. Ku jawo benci ku zauna. Wayoyin nan kuma ku kife su tukuna, ba za su mutu ba.

Ni da tafireta na fara, a wajen Oga Danladi, can kusa da tashar jirgin ƙasa a nan Kafanchan. Takarda uku ake jerawa da kabon a tsakani, ka kuskure harafi ɗaya a layin ƙarshe, sai ka zare duka ka sake daga farko. Oga ba ya zagi. Ɗaga takardar kawai yake yi ya duba ta a hasken taga, ya ajiye maka ita a gaba, ya tafi ya sayo ƙosai. Kafin ya dawo ka san abin da ya kamata ka yi. Kuma duk wanda ya kawo aiki, ko takardar neman aiki ce ko tarihin mamaci na ranar jana'iza, sai Oga ya fara tambayarsa, "Wa zai karanta?" A lokacin gani nake surutu ne kawai na tsufa. Daga baya kwamfuta ta zo, aka yi zamanin da ake layi a shago don a duba imel, har muka iso yau da kowa ke yawo da intanet a aljihu. Kayan aiki sun canja sau nawa, amma tambayar Oga tana nan.

Ba zan kira sunan kowane kamfani ba, kun fi ni saninsu. Ni dai yadda nake yi wa kwastoma bayani, wurin ajiye bulog iri uku ne. Akwai ɗakin aro, wanda ake ba ka kyauta. Ka shiga ka shimfiɗa tabarmarka, amma mai gida zai liƙa tallarsa a bangonka, kuma adireshinka da sunansa a wutsiya. Akwai ɗakin haya, kana biya, su suke shara da gyaran rufi, kai rubutu kawai ne naka, sai dai ba ka fasa bango ka ƙara taga. Sai kuma ginin kanka. Ka sayi adireshi, ka kama fili a ma'ajiyar wani kamfani, ka ɗora duk abin da ranka yake so. Wannan shi kuke so dukanku, na sani, don shi ne ake yin taƙama da shi. Ba kwa tuna cewa mai gini shi ne mai gyaran yoyo, kuma duk shekara sai an sabunta adireshin da filin.

Wani fasto ya taɓa zuwa daga wajen Samaru Kataf, yana son shafin majami'a mai hoto yana juyawa, mai waƙa tana tashi da an buɗe. Na tambaye shi wa zai karanta. Ya ce membobi. Na ce da wace waya, da wane sabis? Shi kansa sai ya hau tudun bayan majami'a yake samun kira. Ɗakin aro na buɗe masa, fari fes, babu kwalliya, yana buɗuwa ko da sanda ɗaya ta sabis. Ya tafi yana ɓata rai kamar na ba shi tuwo babu miya. Har yau shafin yana aiki, sakataren majami'a ke sa sanarwa daga wayarsa.

Malam Buba kuwa, wani Bafulatani mai tara madara yana kawo wa masu yin yogot, ɗansa ne ya zuga shi wai sai da shafin intanet ake zama babban ɗan kasuwa. Na ce masa, "Malam, masu sayen madararka su nawa ne?" Ya lissafa su da yatsun hannu, bai ma gama hannu na biyu ba. Na ce ya je ya ci gaba da kiransu a waya. Ya dube ni ya ce, "Ke kuwa wace irin mai sana'a ce, ana kawo miki aiki kina kora?" Bayan kwana biyu ya aiko mini da man shanu a kwalba.

Kada ku ɗauka kullum haka nake da hankali. Aikin da zan ba ku labarinsa yanzu, a kansa na koyi abin da nake ta yi muku surutu a kai.

Wata Laraba wani tsoho ya shigo da sanda da hular sanyi, matarsa na biye da shi da kwando a kai. Baba Ishaku ke nan, wanda kowa ke kira Baba Hedimasta, don ya yi shekaru yana shugabantar firamare a ƙauyensu, can gefen Kwoi. Matar kuma Mama Saratu, mai daddawa, duk Laraba take kawo wa 'yan kasuwa. Baba ya zauna ya ce jikokinsa na Legas da Fatakwal ba su san sunan dutsen da ke bayan gidansu ba, ba su san wanda ya haƙa rijiyar farko a garin ba, yarensu ma sai gaisuwa. Yana so ya bar musu a inda za su gani, tunda idonsu ba ya barin waya. Hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe biro kuma. Shi zai riƙa faɗa, ni in riƙa bugawa.

A lokacin ban daɗe da koyon ginin kai ba, hannuna yana ƙaiƙayi. Mutumin da ɗakin aro ya ishe shi har ya yi masa yawa, na zauna na cika masa kunne. Na ce, "Baba, mutum kamarka a ce kana raɓe a gidan wani? Adireshinka ya kamata a gani da sunanka cak." Baba ya gyara zama, abin ya yi masa daɗi. Babban ɗansa na Fatakwal ya turo kuɗi aka biya na shekara uku a haɗe, aka wuce wurin.

Sai wajen rajista. Kun san halinmu a nan, ba a sa sunan yaro a gaban na babba. Ko fili aka saya, ko akuya aka kai wa fasto, da sunan mai gida ake yi. To ni ma ladabi ya ɗebe ni. Na buɗe imel da sunan Baba, na ɗaura shi a kan lambar wayarsa, wata 'yar ƙaramar waya mai tocila da yake ɗaurewa da roba. Adireshi da sunansa, fili da sunansa, komai da sunansa. Ban sa lambata ko ta ɗansa a matsayin ta biyu ba, don gani nake kamar raini ne in tsoma sunana a cikin kayan dattijo. Baba ba ya duba imel, bai ma san yadda ake buɗe saƙo a wayar ba. Duk wannan na sani, amma na yi.

Haka muka yi kusan shekara uku. Kowace Laraba Mama ta sauke shi a bencin nan da kuke zaune, ta wuce kasuwa. Shi kuma ya jingina sanda, ya rufe ido, ya fara. Ya faɗi sunayen rafuka da tuddai, da gidajen da suka fara zama a garin, da yadda ake tsaga citta a shanya ta kada ta yi baƙi, da waƙoƙin da ake yi in an fita farauta. In ya zo kan kalmar yarensu sai ya buɗe ido ya tsaya a kaina, harafi bayan harafi, kamar ina aji uku. In na yi kuskure ya ce, "Rifkatu, da a makarantata kike, da yau kin share fili." Kai-tsaye nake bugawa a cikin shafin, in ya gama in danna, ya tafi duniya. Jikoki suna rubuto masa godiya a ƙasa, ina karanta masa, yana yi kamar bai damu ba.

Mama kuwa ba ta yarda da abin ba ko kaɗan. Duk ranar da ta dawo ɗaukarsa sai ta ce, "'Yata, buga mini na yau a takarda."

Na ce, "Mama, ai yana intanet. Ko a Amurka aka buɗe za a gani."

Ta ce, "Ni ba Amurka zan je ba. Abin da ba zan iya sa shi a akwati ba, ban san inda yake ba."

Ina bugawa ina yi mata dariya a ciki. Har tsokanarta nake yi, in ce Mama za ta buɗe laburare a kicin. Ta naɗe takardar ta cusa a kwandon daddawa, ta ja mijinta su tafi tasha.

Larabar ƙarshe da Baba ya zo, bai yi maganar dutse ko rijiya ba. Ya leƙa ya tabbata Mama ta sha kwana, sannan ya ce yau labarin yadda ya samu matarsa zai bayar. Ya daɗe yana faɗa, yana dariya shi kaɗai, ya kai shafi uku. Da Mama ta dawo ta miƙo hannu, sai firinta ta ƙi. Tawada ta ƙare. Tun Litinin take yi mini gargaɗi, ina cewa gobe. Na ce, "Mama, sai mako mai zuwa." Baba ya yi caraf ya ce, "Bar shi, ba gaggawa," don da alama kunya yake ji ta karanta a gabansa. Ranar Asabar ya kwanta ciwo. Bai ga wata Larabar ba.

Shekarar nan ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. Ita ce shekarar da cuta ta kama citta a gonaki, manoma suka tono ruɓaɓɓe, gari ya yi tsit, babu mai zancen shafin intanet. Ana cikin haka da damina tsawa ta sauka a layinmu da rana tsaka, ta ƙone mini kwamfutar da nake aiki da ita. Kwafin shafin Baba da nake taƙama na ajiye, a cikinta yake. Wata biyu shago a rufe, ina buga takardun makaranta a kwamfutar aro. Mama tana ƙauye tana zaman makoki, ba ta zuwa kasuwa. Na tuna da takardarta sau ɗaya ko biyu, na ce a raina, yana intanet, ina za shi?

Wajen watan goma babban ɗan Baba ya kira ni. Ya ce, "Anti, shafin Baba ba ya buɗuwa." Na duba. Shekara ukun ta cika. Kamfani ya yi ta aiko da gargaɗi a imel ɗin da babu mai dubawa, yanzu sun dakatar da shafin, sun ba da 'yan makonni kafin su share komai. Na ce ba komai, ina da kalmar sirri. Na shigar, sai aka ce tunda sabuwar kwamfuta ce, an tura lamba zuwa wayar mai shi. Na rubuta wa kamfanin na yi bayani. Suka ce in nuna shaidar ni ce mai shafin. Kuma gaskiyarsu, don babu inda sunana ya fito. Da hannuna na cire kaina.

Washegari da safe na hau mota zuwa Kwoi, daga nan na hau mashin zuwa ƙauyen. Na tarar da Mama a tsakar gida tana tsince kalwa. Na gaishe ta, na ce wayar Baba nake nema, minti biyu kawai. Ta nuna mini wata ƙofa da kwaɗo a jiki. A gidansu, in mai gida ya rasu, ana tattara kayansa duka a ɗakinsa a kulle, ba mai taɓa ko allura sai 'ya'ya sun taru gaba ɗaya an yi addu'a an buɗe a gaban kowa. An sa ranar a Kirsimeti. Makullin yana hannun ƙanen marigayi, Baba Ayuba.

Aka kira shi daga gona. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani. Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi ne, ina ma kuna wurin ku fassara wa Baba Ayuba abin da ake nufi da ma'ajiyar intanet.

Ya saurara har na gama, ya ce, "Yanzu maganar yayana tana cikin wayar?"

Na ce, "A'a Baba, tana wata ƙasa. Makullinta ne zai shigo ta wayar."

"To wa ya kai ta wata ƙasa?"

Na ce ni ce.

Ya jinjina kai. "Wayar tana ɗaki, ɗaki yana kulle. Ba ta da ƙafa. Ki dawo Kirsimeti."

Na ce kafin Kirsimeti an share. Na roƙe shi ya buɗe da kansa, ya riƙe wayar a hannunsa, ni lamba shida kawai zan karanta. Na kira babban ɗan a waya ya sa baki. Baba Ayuba ya ce ɗan nan ɗaya ne kawai a cikin 'ya'ya bakwai, kuma ba a buɗe ɗakin mamaci ta waya. Ya ce mini, ba da faɗa ba, "'Yata, in na buɗe yau saboda ke, gobe wani ya ce akwai abin da ya ɓata a ɗakin nan, bakina ya mutu. Gidan nan bai taɓa rabuwa a kan kayan gado ba, ba kuma a hannuna zai fara ba." Na juya wajen Mama. Ta ci gaba da tsince kalwarta, ta ce, "Gaskiya ya faɗa."

Na dawo Kafanchan ina jin haushin tsohon, amma kafin mu iso na san ba shi ya yi laifi ba. Al'adarsu tana nan tun kafin a haife ni. Ni da na san gidajenmu, na san ana kulle ɗaki, ni na ɗaura aikin shekara uku a kan wayar mutumin da ya haura tamanin.

Ran ashirin da shida ga Disamba aka buɗe ɗakin. Ina wurin. Aka samo wayar a aljihun rigarsa ta zuwa sujada, da robarta. Aka sa caji, ta kawo wuta, lambar ta shigo. Na shiga, na tarar da fili wayam. Na fito tsakar gida na faɗa musu a gaban kowa cewa rubutun Baba ya tafi, kuma laifina ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Mama ta tashi ta shiga ɗakinta, ta jawo wata jakar buhu irin ta 'yan kasuwa, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ga laburaren kicin."

Takardun duka suna ciki, ɗaure da zare wata-wata. Wasu da tabon manja, duka suna ƙamshin daddawa. Jikokin Legas suka zauna a ƙasa suna ɗagawa suna karantawa. Baba Ayuba ya leƙo ya ce, "To, ashe maganar ba ta je wata ƙasa ba."

Wata uku na yi ina sake bugawa da hannu, don tabon mai ya hana na'ura karantawa. Wannan karon ɗakin haya na kama musu, mai sauƙi, wanda ake iya sa rubutu daga waya. Makulli yana hannun mutum uku, babban ɗan, da wata jika, da ni. Kwafi ɗaya a filashi a shago, ɗaya a wajen ɗan, takardun kuma na mayar wa mai su.

Ranar da na kai wa Mama jakar, ta ƙirga ɗaurin da yatsa, ta ce, "Saura na ranar da tawada ta ƙare. Me ya ce a ciki?"

Duk duniya ni kaɗai na ji shi daga bakinsa, jikokin ma da suka karanta sun ce sun tuna dai akwai keke. Kuma kun san mai buga rubutu, yatsu ke ji, kai yana wani wuri. Na faɗa mata abin da ya rage mini. Ya ce yana sabon malami, an turo shi garin da sabon keke. Ya zo tsallake rafi, ya ga 'yan mata suna wanke citta, a cikinsu akwai wata mai jan ɗankwali. Ya faɗa ruwa da shi da keken, duka suka yi dariya, amma tata ta fi ta kowa ƙarfi. Kuma ya ce shekara hamsin da wani abu bai taɓa gaya mata ba, da gangan ya faɗi don ta dube shi.

Mama ta ce, "Ƙarya yake yi. Bai iya keke ba ne."

Ta sa bakin zane ta goge ido. Ta ce, "Sai me kuma ya ce?"

Na ce, "Mama, akwai saura da yawa. Na manta."

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinsa. Sannan ta ce, "Rubuta wanda kika tuna, yadda ya faɗa. Har da ƙaryar. Ki kawo mini a takarda."

Shafi uku ya faɗa, rabin shafi na iya dawo mata da shi. Shi ne na ƙarshe a bulog ɗin, in kun buɗe za ku gani, gajere ne. Nata kwafin yana cikin Littafi Mai Tsarki da take zuwa sujada da shi.

Don haka in kwastoma ya shigo gobe, kada in ji wani ya fara da zancen wane dandali ya fi kwalliya. Ku tambaye shi wa zai karanta, wa zai riƙa sa rubutu, kuma in ba ya nan wa zai iya buɗe ƙofa. In dattijo ne, ku durƙusa ku gaishe shi yadda ya kamata, sannan ku sa lamba ta biyu. Kwalin nan kuma da kuke ta tambayata me ya sa nake ajiye shi a ƙarƙashin tebur alhali firinta a cike take, tawada ce. Tun ranar ban sake bari ta ƙare a shagon nan ba.